Zaɓin Sana'a: Mai Kula Da Albashi Da Kuɗin Ma'aikata A Otal

  

Idan aka ce aikin otal, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne kuku da doguwar farar hula, ko mai karɓar baƙi, ko mai gyaran ɗaki. Yau wani ofis za mu leƙa wanda baƙo ba ya ganinsa ko da zai yi wata guda a otal ɗin, amma ranar da mai ofishin ya yi kuskure, kowa a gidan sai ya ji a jikinsa, tun daga mai gadi har mai otal. Ofishin mai kula da albashi da kuɗin da ake kashewa a kan ma'aikata ke nan. A manyan otal-otal yana ƙarƙashin sashen kuɗi, kuma kullum yana tare da sashen kula da ma'aikata. A ƙananan kuwa, akanta ɗaya ne kan haɗa wannan aiki da sauran lissafin gidan.

Me ya sa otal ke buƙatarsa?

Dalili na farko, otal ba ya rufewa. Banki yana tashi da yamma, makaranta tana hutu, amma otal yana aiki awa 24, kwana bakwai a mako, har ranar Sallah da ranar Kirsimeti. Saboda haka ma'aikata karɓa-karɓa suke yi: masu dutin safe, masu dutin rana, masu dutin dare. Ku ɗauki Transcorp Hilton na Abuja, wanda aka buɗe a 1987, yana da ɗakuna sama da 600. Ku ƙiyasta yawan hannun da ake buƙata kafin a gyara waɗannan ɗakuna, a wanke zanin gado, a dafa abinci, a kula da wuta da ruwa da tsaro, kullum ta Allah. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da albashinsa, da alawus ɗinsa, da awannin da ya yi, da hutun da ya ɗauka, kuma dole wani ya riƙe lissafin duka.

Dalili na biyu, hajar otal ba ta ajiyuwa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari in bai sayar da atamfarsa yau ba, gobe tana nan. Ɗakin otal kuwa, in ya kwana babu kowa, kuɗin wannan daren sun tafi ke nan, alhali albashin wanda ya share ɗakin yana nan sai an biya. Ga shi kuma ciniki hawa da sauka yake yi. Duk wanda ya san Makka da Madina ya san yadda ɗakuna ke tsada da wuyar samu lokacin aikin Hajji da goman ƙarshe na azumi, sannan a samu sauƙi bayan alhazai sun watse. Haka otal-otal ɗin Abuja ke cika idan ana babban taro, na Kano kuma lokacin hawan Sallah da manyan bukukuwan aure. A 2020, da annobar korona ta sa aka kulle Legas da Abuja da Kano, ɗakuna sun zauna fayau, masu otal suka rasa yadda za su yi da albashi, ma'aikata da yawa suka koma gida.

Kuɗin ma'aikata na cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin otal a ko'ina a duniya, a nan ƙasar kuma suna gogayya da kuɗin wuta da dizal. Shi ya sa tun 1926 masu otal-otal na birnin Niyok a Amurka suka fito da tsarin lissafi na bai ɗaya, wanda yanzu ake kira USALI, ake kuma sabunta shi lokaci-lokaci. A wannan tsari kowane sashe ana nuna abin da ya shigo da shi da abin da ma'aikatansa suka ci, sashen ɗakuna daban, sashen abinci daban. Manyan kamfanonin otal na duniya da shi suke aiki.

Kashi na farko na aikin: biyan kowa haƙƙinsa

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi fitowa fili. Kafin ƙarshen wata, mai wannan aiki zai tattara bayanan zuwa aiki daga na'urar dangwala yatsa ko littafin sa hannu, ya gwama su da jadawalin da shugabannin sassa suka tsara. Zai duba wa ya yi ƙarin awanni, wa ya yi fashi, wa ke hutu, wa aka ɗauka sabo a tsakiyar wata, wa ya ajiye aiki. Daga nan sai lissafin abin da za a cire da abin da za a ƙara, kuma a nan doka take shigowa.

Bari mu yi misali. A ce wata mai gyaran ɗaki tana da albashin Naira 100,000 a wata, idan an haɗa ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire mata aƙalla kashi 8 cikin 100, wato Naira 8,000, shi kuma mai otal ya ɗora aƙalla kashi 10 cikin 100 daga aljihunsa, wato Naira 10,000. Duka Naira 18,000 za a tura asusun fanshonta cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Sai harajin albashi, wanda ake kira PAYE, ana tura shi ga hukumar haraji ta jihar da ma'aikaci ke zaune. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, Naira miliyan 2.2 da ke biye kuma ana cire kashi 15 cikin 100. Albashinta na shekara Naira 1,200,000 ne. In an cire fansho Naira 96,000, saura 1,104,000. Abin da ya haura 800,000 shi ne 304,000, harajinsa kuma 45,600 a shekara, wato 3,800 a wata, idan babu wani rangwamen da ta nema. Ke nan abin da zai shiga asusunta Naira 88,200 ne.

A ɓangaren mai otal kuma, bayan Naira 10,000 na fansho, akwai kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da ake biya ga hukumar NSITF saboda diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, kamar yadda dokar 2010 ta tanada. Akwai wani kashi 1 cikin 100 da manyan ma'aikatu ke biya ga hukumar ITF mai hedikwata a Jos, domin horar da ma'aikata. Lissafi ya kai Naira 112,000, tun ba a sa abincin da take ci a wurin aiki ba, da kayan aikin da take sawa, da inshora. Kun ga lamba uku ke nan a kan mutum ɗaya: 100,000 a takardar ɗaukar aiki, 88,200 a hannunta, 112,000 zuwa sama a littafin otal. Mai kula da albashi dole ya san ukun, ya kuma iya yi wa ma'aikaciyar bayani cikin natsuwa ranar da ta zo tana tambayar ina sauran kuɗinta.

Akwai sauran dokokin da ba zai yi wasa da su ba. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya Naira 70,000 ne, bayan da ya kasance 30,000 tun 2019, kuma dokar ta hau kan duk ma'aikatar da ke da mutum 25 zuwa sama. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya a kowane mako, da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida bayan ya cika wata 12 yana aiki, ta kuma taƙaita abin da za a iya zaftare masa daga albashi. Sannan ga kuɗin hidima da otal-otal da dama ke ɗorawa a kan takardar kuɗin baƙo, sau da yawa kashi 10 cikin 100, waɗanda akan raba wa ma'aikata. Rabon nan na cikin abubuwan da suka fi haddasa rigima tsakanin ma'aikata da masu gida, don haka lissafinsa sai ya fito fes yadda kowa zai gamsu.

Kashi na biyu: hangen gaba

Wannan ɓangaren ne ya bambanta shi da akawun albashi na sauran ofisoshi. Ba ya jiran ƙarshen wata ya ga abin da aka kashe. Tun kafin mako ya kama zai karɓi ƙiyasin baƙin da ake sa ran zuwansu, ya zauna da shugabannin sassa a tsara mutum nawa ake buƙata kowace rana.

A ce otal yana da ɗaki 100, kuma an auna cewa mai gyaran ɗaki ɗaya na iya gama ɗaki 16 a dutinsa. Ranar da ɗaki 80 ke da baƙi, mutum biyar ake buƙata. Ranar da 32 ne kawai, biyu sun isa. Idan aka kira biyar a ranar biyu, an biya mutum uku kuɗin zama. Idan aka kira biyu a ranar biyar, baƙo zai iso ya tarar ba a gyara ɗakinsa ba, ya yi fushi ya tafi, gobe kuma ya gaya wa abokansa kada su je. Irin wannan lissafin ake yi wa kicin, da ɗakin cin abinci, da wurin wanki da guga, da zauren biki.

Ma'aunin da ya fi amfani da shi shi ne: kashi nawa na cinikin otal ma'aikata suka ci? A ce a wani wata otal ya yi cinikin Naira miliyan 60, kuɗin ma'aikata suka kama miliyan 15. Kashi 25 cikin 100 ke nan. Wata na gaba ciniki ya sauka zuwa miliyan 40, kuɗin ma'aikata kuma suna nan a miliyan 15. Yanzu sun zama kashi 37.5 cikin 100, ba tare da an ƙara wa kowa ko kwabo ba. Aikinsa ne ya hango wannan tun da wuri, ya sanar da manaja, ya kawo shawara.

Yana kuma toshe ƙananan ɓaraka, domin da yayyafi kogi kan cika. A ce ma'aikata 40 kowa ana rubuta masa ƙarin awa ɗaya a rana wadda bai yi ba, a kan Naira 600. A rana Naira 24,000 ke nan, a wata 720,000, a shekara 8,640,000. Ga kuma ma'aikatan bogi, sunaye a takarda babu mutane a ƙasa, ko wanda ya bar aiki tun bara amma albashinsa yana ta fita. Kun san wannan cuta ba a otal kaɗai take ba, ita ce ta sa Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin IPPIS a 2007. A otal mai tsari, wanda ya shirya albashi daban, wanda ya amince da shi daban, wanda ya tura kuɗin daban, sannan odita ya biyo baya.

Inda nauyin yake

Wasu na ɗauka cewa mai wannan aiki wuƙar mai gida ce, aikinsa kawai ya rage ma'aikata. Gaskiya ne idan ciniki ya faɗi, hanya mafi sauƙi a takarda ita ce a sallami mutane, kuma za a samu masu otal da ke son jin haka. Amma a ganina ƙwarewa tana ga wanda ya nemo wata hanyar kafin a kai can. Zai iya ba da shawara a riƙa ba da hutun shekara a watannin da baƙi suka yi ƙaranci. Zai iya cewa a koya wa mai karɓar baƙi wani aikin na biyu, yadda in nan babu aiki zai taimaka can. Zai iya tsara a kira ma'aikatan wucin gadi ranar babban biki kawai, a biya su a kan lokaci, maimakon a ɗora wa 'yan gida aikin kwana biyu babu barci. Zai kuma iya nuna wa mai otal, da lissafi, cewa sallamar gogaggen kuku yau da ɗauko sabo bayan wata uku a koya masa aiki daga farko na iya fin riƙe shi tsada.

Ku tuna cewa bayan kowace lamba a wannan takarda akwai gida. Akwai kuɗin haya, da kuɗin makaranta irin wanda ake biya muku, da cefanen azumi. Albashin da ya makara kwana biyar, ko obataim da aka manta ba a sa ba, ga mai ofis ƙaramin kuskure ne, ga mai gadi kuwa bashin mai shago ne. A ɗaya ɓangaren kuma, otal ɗin da kuɗin ma'aikata suka fi ƙarfinsa rufewa zai yi, kowa ya rasa. Tsakanin waɗannan biyun mai aikin yake tsaye.

Saboda haka halaye biyu sun zama dole: amana da riƙe sirri. Shi ya san albashin kowa, har na manaja, ya san wa ya ci bashi, wa aka yanke wa kuɗi. Bakinsa dole ya zama a rufe. Za a zo masa da roƙo, "Don Allah ɗan ƙara min awa biyu, ai ba wanda zai sani," wani lokaci ma daga abokinsa ko ɗan garinsu. Wanda ba zai iya cewa a'a cikin mutunci ba, wannan kujera za ta jefa shi cikin matsala. Aikin kuma yana da gajiya. Kwanakin ƙarshen wata ana iya kaiwa dare a ofis, in komai ya tafi daidai ba mai yabo, in aka samu kuskure kowa ya san ƙofar da zai buga.

"To, amma otal?"

Na san wasunku za su ce ko sun so, a gida ba za a yarda ba, musamman 'yan mata. A wurinmu kalmar otal tana ɗauke da zargi, kuma damuwar iyaye ba abin rainawa ba ce, domin akwai wuraren da suka ɓata sunan sana'ar. Abin da za ku iya yi musu bayani cikin ladabi shi ne, otal-otal iri-iri ne. Akwai waɗanda ba sa sayar da giya sam, akwai masaukan alhazai, akwai waɗanda cinikinsu tarurruka ne da bukukuwa. Wannan aikin kuma na ofis ne, da kwamfuta da takardu. Mutum na da damar ya bincika wuri kafin ya karɓi aiki, ya zaɓi wanda ya dace da addininsa da tarbiyyarsa. In ma duk da haka ba a amince ba, ilimin bai tafi a banza ba. Asibiti ma dutin dare ake yi, haka masana'anta, da kamfanin jiragen sama, da kamfanin tsaro, kuma duk suna neman wanda ya iya wannan lissafi.

Ta ina za a fara?

Daga ajin da kuke. Ku riƙe darasin Lissafi da Turanci da Tattalin Arziki da kyau, 'yan ajin kasuwanci kuma ku haɗa da Akanta da Kasuwanci. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi. Mai son karanta Akanta a jami'a yakan rubuta Turanci da Lissafi da Tattalin Arziki da wani darasi guda a JAMB, amma ku duba kundin JAMB na shekararku, domin sharuɗɗan makarantu sukan bambanta. Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri duk suna koyar da Akanta, haka ma kwalejojin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna, inda ake yin ƙaramar difloma da babba.

Wanda bai samu gurbi nan da nan ba, kada ya zauna. Ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda aka kafa da doka a 1965, tana da jarrabawar ATSWA da mai takardar sakandare zai iya shiga, daga nan ya hau zuwa babbar jarrabawar ƙwararru. Ƙungiyar ANAN tana da kwalejin horar da akantoci kusa da Jos, ga waɗanda suka gama digiri ko babbar difloma. Mai sha'awar ɓangaren kula da ma'aikata akwai CIPM. Mai son sanin aikin otal kansa kuma, akwai cibiyar NIHOTOUR ta Gwamnatin Tarayya, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Wanda ya haɗa ilimin akanta da sanin yadda kicin da sashen ɗakuna ke gudana ya fi wanda ya san lamba kawai, domin shugabannin sassa ba sa sauraron wanda bai san wahalar aikinsu ba.

Sai kwamfuta. Ku koyi Excel tun yanzu, ko a ɗakin kwamfutar makaranta, ko a wayar yayanku lokacin hutu. Manyan otal-otal suna da manhajojin da ke lissafin albashi da kansu, shi ya sa wasu ke tambaya ko na'ura ba za ta ƙwace aikin ba. Manhaja tana tarawa da debewa cikin ƙiftawar ido, amma abin da aka ba ta shi take lissafawa. Ba za ta san cewa wanda aka rubuta ya yi dutin dare yana ƙauye wajen biki ba, ba kuma za ta zauna da shugaban kicin ta shawo kansa ya gyara jadawali ba. Waɗannan sai mutum.

Kuna iya gwada kanku tun yau. In a gidanku akwai shago ko gona ko wurin ɗinki da ake biyan yara, ku roƙi izini ku riƙa rubuta wa ya zo, kwana nawa ya yi, nawa aka ba shi. In ana tara kuɗin aji, ku karɓi riƙon littafin. Bayan wata uku za ku gane ko kuna jin daɗin ganin lissafi ya daidaita, ko kuwa kanku ciwo yake yi. Ko wanne ya faru, kun ƙaru da sanin kanku kafin ku cike fom.

Tambayar mako

Wani otal yana da ɗaki 120, kuma kullum kashi 70 cikin 100 na ɗakunan suna da baƙi. Mai gyaran ɗaki ɗaya yana gama ɗaki 14 a rana. Mutum nawa ake buƙata a bakin aiki kowace rana? Sannan, idan kowa zai huta kwana ɗaya a mako kamar yadda doka ta ce, mutum nawa ya kamata otal ɗin ya ɗauka gaba ɗaya? Ku yi lissafin a littafinku, ku gwada da na abokan ajinku, ku kuma nuna wa malamin Lissafi. Amsa za ta zo a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

Sai mun haɗu mako mai zuwa. A yi karatu lafiya.